Shin Ɗaukar Lauya Sai Mai Kuɗi?

An daɗe ana zaton ɗaukar lauya sai mai hannu da shuni, kuma abin takaici ne yadda wannan zato ya sa mutane da dama suka haƙura da haƙƙinsu tun kafin su tambayi abin da za su biya. Wani lauyan awa yake lissafawa, wani kuma kuɗin aikin yake yankewa gaba ɗaya, a wasu ƙasashe ma kaso yake karɓa daga diyya bayan an yi nasara. Wanda ake tuhuma da laifi kuma ba shi da hali, sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya tanadi a ba shi lauya kyauta idan adalci ya buƙaci hakan.