David Haller da Muhawarar Magani a Tsakanin Masoyan Shirin Legion

David Haller, wanda aka fi sani da Legion, ƙagaggen jarumi ne a labaran zane na kamfanin Marvel na Amurka, kuma shi ne tauraron shirin talabijin mai dogon zango da tashar FX ta nuna daga 2017 zuwa 2019. Ya bambanta da sauran jarumai masu baiwar da ta wuce ta ɗan Adam, domin labarinsa a talabijin ya fara ne a asibitin masu taɓin hankali, inda ƙwayoyin da ake ba shi kullum suke dakushe tunaninsa, suna kuma danne baiwarsa ta karanta zukata da motsa abubuwa ba tare da ya taɓa su ba. Yadda shirin ya siffanta waɗannan magunguna ya raba kan masoyansa, kuma saɓanin ya riƙa sauya kama daga zango zuwa zango.

Asalin jarumin

Marubuci Chris Claremont da mai zane Bill Sienkiewicz ne suka ƙirƙiro shi a 1985, a fitowa ta 25 ta mujallar New Mutants. Ɗa ne ga Farfesa Charles Xavier, wanda ya kafa ƙungiyar X-Men, da Gabrielle Haller, wadda ta tsira daga kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. A mujallun, ciwonsa shi ne rarrabuwar hali, wato mutane da yawa ne a jiki ɗaya, kowannensu yana riƙe da wata baiwa tasa. Noah Hawley, wanda ya tsara shirin talabijin, ya sauya wannan: a wurinsa likitoci sun yanke cewa David yana fama da sikizofiriniya, ciwon da kan sa mutum jin muryoyi da ganin abin da babu shi. Masu karanta mujallun sun lura da sauyin tun farko, amma ba shi ne ya fi tayar da ƙura ba.

Magani a cikin labarin

An fara nuna shirin ranar 8 ga Fabrairu, 2017, kuma ɗan wasan Ingila Dan Stevens ne ya fito a matsayin David. A kashi na farko an gan shi a asibitin Clockworks bayan ya yi yunƙurin kashe kansa, rayuwarsa ba ta wuce layin karɓar ƙwaya da zaman tattaunawa da likita da dogon zugum ba. Daga nan wasu mutane ƙarƙashin jagorancin Melanie Bird suka kai shi wata mafaka mai suna Summerland, suka shaida masa cewa ba shi da ciwon komai, muryoyin da yake ji tunanin mutanen da ke kewaye da shi ne. Daga baya ta bayyana cewa wani tsohon maƙiyin mahaifinsa, Amahl Farouk, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Inuwa, ya shige cikin kan David tun yana jariri yana zuƙar ƙarfinsa, kusan yadda ake siffanta shafar iska.

Kashin da ya fi nuna nauyin magani shi ne na 14, wanda aka haska a 2018. A cikinsa an jero rayuwa iri-iri da David zai iya yi da a ce ƙaddara ta bi da shi wata hanya. A ɗaya ya zama hamshaƙin attajiri, a wata ya zama mara galihu mai kwana a titi, a wata kuma yana ɗaukar kwalaye a wurin aiki, jikinsa a sanyaye, maganarsa a hankali, 'yar'uwarsa Amy tana lura da shan maganinsa. Wannan siffa ta ƙarshe ba ƙirƙira ce zalla ba. Magungunan wannan ciwo, tun daga kulofuromazin da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, an san suna iya jawo kasala da yawan barci da rawar jiki da ƙiba da dushewar jin daɗi ko baƙin ciki, ko da yake su ne kuma suke rage muryoyi da ruɗani ga marasa lafiya da yawa.

Martanin masoya

A zangon farko yabo ne ya yi rinjaye. 'Yan kallo da masu sharhi sun yaba yadda shirin ya hana mai kallo tsayayyen wurin da zai taka, ta yadda shi ma ba ya iya rarrabe abin da ya faru da abin da David ya raya a ransa. Daga cikin masu yabon har da mutanen da suka taɓa shan irin waɗannan magunguna, waɗanda suka ga hazon da suka sani a fuskar jarumin, abin da ba kasafai labaran jarumai suke tsayawa a kansa ba.

Sai dai tun a lokacin akwai masu ƙorafi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. A ganinsu labarin ya bi tsohuwar hanyar da finafinan Amurka suka daɗe suna bi, inda asibiti kurkuku ne, likita mai gadi ne, ƙwaya kuma sarƙa ce da ke hana mai baiwa zama abin da yake. Haɗarin wannan saƙo a fili yake, domin daina shan magani ba da shawarar likita ba yana cikin manyan dalilan da ke sa ciwon ya dawo, kuma mai fama da shi sau da yawa bai yarda yana da ciwo ba tun asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan mutum miliyan 24 ne ke da sikizofiriniya, wato kimanin ɗaya cikin 300, don haka ba ƙaramin taro ba ne ake gaya wa, ko da a kaikaice, cewa muryoyin da suke ji baiwa ce. Masu kare shirin sukan mayar da martani da cewa a kashin ƙarshe na zangon farko David da kansa ya nuna shakku, inda ya ce mafi haɗarin abu a wannan ciwo shi ne mutum ya gaskata cewa ba shi da shi.

Ƙarshen zango na biyu, ranar 12 ga Yuni, 2018, shi ne ya juya muhawarar gaba ɗaya. David ya shafe wani ɓangare na tunanin masoyiyarsa Syd Barrett, wadda Rachel Keller ta fito a matsayinta, sannan ya kusance ta, abin da ita ta ɗauka a matsayin keta haddi. Abokansa suka tsare shi, suka gaya masa cewa baiwar gaskiya ce kuma ciwon ma gaskiya ne, suka nemi ya koma kan magani da ganin likita, shi kuwa ya ƙi, ya tsere. Masoyan da suka shafe zango biyu suna tausaya masa sun ji an yaudare su, musamman ganin an saki Farouk, wanda ya azabtar da shi shekara da shekaru kafin ya fita daga kansa, yana zaune cikin masu yi masa hukunci. Wasu kuma suka ce a nan ne shirin ya faɗi gaskiya a karon farko, tunda ya rushe batun cewa magani ne kaɗai matsalar David.

Wani ɓangare na uku bai gamsu da ko ɗaya ba. A wurinsu an gudu daga wani kuskure ne an faɗa wanda ya fi shi tsufa, wato haɗa taɓin hankali da mugunta, alhali galibin masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cutarwa. Akwai kuma abin lura a yadda aka gabatar wa David maganin a wancan zama: an kawo masa shi ne yana tsare, a matsayin hukunci, wanda hakan ya mayar da ƙwayar sarƙar da aka nuna ta tun farko.

Zango na uku, wanda ya ƙare ranar 12 ga Agusta, 2019 bayan kashi 27 jimilla, ya nuna David yana jagorantar mabiya da yake bugar da su da wani ruwan maye mai launin shuɗi, wato shi da aka dakushe wa tunani ya koma mai dakushe na wasu. An kuma nuna mahaifiyarsa Gabrielle tana fama da nata ciwon ƙwaƙwalwar, abin da masu cewa ciwon nasa na gaske ne suka riƙe hujja, tunda yana nuni da gado. An warware labarin ta hanyar komawa baya a zamani, inda aka hana Farouk shiga jaririn, iyayensa kuma suka riƙe shi a hannunsu. Shirin bai nuna ko wannan sabon David zai girma ya buƙaci magani ba.