Dokar Birtaniya kan tono tarkacen jiragen yaƙi da suka faɗo

Har yau akwai tarkacen jiragen sama na Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarƙashin gonakin Birtaniya da cikin tekunta, kuma wasu daga cikinsu sun nutse ne tare da mutanen da ke ciki. A shekarun 1970 masu sha'awar kayan tarihi sun riƙa haƙa irin waɗannan wurare suna neman inji da farfela da bindigogi, har aka sha tono ƙasusuwan sojoji ba da sanin iyalansu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin ƙasar ta zartar da Dokar Kare Ragowar Sojoji da Kayansu a shekarar 1986.

Ginshiƙin dokar shi ne cewa duk jirgin saman da ya faɗo yana bakin aikin soja, ko na wace ƙasa ne, ko an rasa rai ko ba a rasa ba, yana ƙarƙashin kariya tun daga farko, ba sai gwamnati ta ayyana shi ba, saɓanin jiragen ruwa da sai an ambace su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka laifi ne mutum ya haƙa, ya gusar, ya lalata ko ya ɗauki wani ɓangare na tarkacen ba tare da lasisin Ma'aikatar Tsaro ba, kuma hukuncinsa tara ce. Ko manomin da jirgin yake cikin gonarsa ba shi da ikon tono shi, domin mallakar fili ba ta ba shi mallakar jirgin ba.

Ana neman lasisin ne daga sashen ma'aikatar mai kula da mamatan soja da ke Innsworth, tare da yardar mai fili. Sai dai ba a cika bayarwa ba idan ana zaton akwai gawa ko bam ɗin da bai fashe ba, kuma nan ne jiragen jefa bama-bamai suka fi wahala, tunda jirgi kamar Lancaster yakan ɗauki mutum bakwai da lodin bama-bamai. A ganina wannan sharaɗi shi ne mafi daraja a tsarin, domin kabari kabari ne ko da ƙarfe ya lulluɓe shi. Idan kuma an ci karo da ƙashi ko makami ana tsakiyar aiki, wajibi ne a dakata a sanar da 'yan sanda.

Dokar ba ta hana aiki na gaskiya ba. A watan Yuni na 2013 gidan tarihin rundunar sojan saman Birtaniya ya ɗago wani jirgin Jamus ƙirar Dornier 17 daga yashin Goodwin da ke cikin teku kusa da gaɓar Kent a kudancin Ingila, inda ya kwanta tun 1940, aka kai shi reshen gidan tarihin da ke Cosford aka daɗe ana fesa masa ruwan magani don cire gishirin da ke cinye jikinsa.