Dala 300 da "tausa": abin da ya kamata iyaye su gani a takardun Epstein

Tun da gwamnatin Amurka ta fara sakin takardun binciken Jeffrey Epstein, attajirin nan da aka tuhuma da lalata da 'yan mata ƙanana, da wuya mako ya wuce ba a miƙo mini waya a wurin aiki ba. Ranar awo ko ranar rigakafi, wata za ta matso ta ce, "Sista, wai da gaske ne sunan wane yana ciki?" Kowa sunan babban mutum yake nema, yarima ko tsohon shugaban ƙasa ko wani hamshaƙin attajiri. Ni kuwa da aikina shi ne kula da lafiyar mata da yara, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata yarinya 'yar shekara 14, da dala 300 da aka ba ta, da matar babanta da ta ƙi yin shiru.

A watan Maris na 2005 ne wannan mata ta kai ƙara wurin 'yan sandan Palm Beach, a jihar Florida. Ta ce wata yarinya da ta girmi 'yar mijinta ta ɗauke ta ta kai ta gidan wani mai kuɗi, aka sa ta tuɓe ta yi masa tausa, aka biya ta. Daga wannan ƙara guda ɗaya 'yan sanda suka fara bin sawu, sai ga yarinya ta biyu, ga ta uku, har abin ya wuce a ƙirga da yatsu. Mai kuɗin nan shi ne Epstein, haifaffen New York ne, an haife shi a 1953. Ya taɓa koyarwa a makarantar sakandare, daga baya ya shiga harkar juya wa attajirai dukiyarsu. Yana da gida a New York da Palm Beach da Paris, da makekiyar gona a New Mexico, da tsibiri nasa na kansa mai suna Little Saint James, da jiragen sama.

Amma ku duba yadda yake samun yaran, domin nan ne ilimin yake. Ba sace su ake yi a kan titi ba. Ba a ɗaure su da igiya ba. Ana zuwa unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ne da ke nesa da bakin teku inda masu kuɗi suke, a sami 'yar makarantar sakandare da gidansu ke fama da rashi, a ce mata akwai aikin tausa na awa ɗaya, za ta samu dala 200 ko 300. Idan ta je, tausar ta rikiɗe ta zama lalata. Kafin ta fita kuma a ce mata idan ta kawo ƙawarta za a ba ta wasu kuɗin. Ka ga ke nan an ɗaure ta ta hanya biyu: kunyar abin da aka yi mata, da tsoron cewa ita ma yanzu tana da hannu, tunda ita ta kawo ƙawarta. Yarinyar da aka sa a wannan hali wa za ta tunkara da magana?

Akwai kuma mace babba a tsakiya. Ghislaine Maxwell, abokiyar Epstein, 'yar wani attajirin mai gidajen jarida a Birtaniya, mace ce mai ilimi, mai iya magana, mai shiga cikin manya. A shari'arta da aka yi a New York a ƙarshen 2021, mata huɗu sun tsaya gaban kotu sun faɗi abin da aka yi musu suna yara. Bayaninsu ya yi kama da juna: za ta tambayi yarinya labarin makaranta da na gida, ta kai ta sayayya, ta kai ta kallon fim, a yi alkawarin biyan kuɗin karatu. Sai a fara sako zancen jiki kaɗan-kaɗan har kunnen yarinyar ya saba. Ɗaya daga cikinsu ta haɗu da Maxwell da Epstein ne a 1994 a wani sansanin koyon waƙa da kiɗa a jihar Michigan, tana da shekara 14, ba a daɗe da rasuwar mahaifinta ba. Kasancewar mace a ɗakin ita ce ke kwantar wa yarinya hankali, ita ce kuma ke kwantar wa uwar yarinya hankali. Kotu ta sami Maxwell da laifi a Disamban 2021, a Yunin 2022 aka yanke mata shekara 20.

Ina roƙonku ku riƙe wannan, iyayena mata. Mun saba gargaɗin 'ya'yanmu a kan baƙon namiji, mu ce kada ki shiga motar wanda ba ki sani ba. Amma ƙofar da ake shigowa ta nan sau da yawa mace ce, ko ƙawa, ko wanda gida ya riga ya yarda da shi saboda alherinsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a tarihin wannan mutumi shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana jin maganar ana kau da kai. Tun 1996 wata matashiya mai zane, Maria Farmer, ta kai rahoto ga FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. Shekara tara ke nan kafin ƙarar Palm Beach. Bayan binciken Florida ma, masu gabatar da ƙara na tarayya sun gano yara fiye da talatin, amma a 2007 ofishin babban mai gabatar da ƙara Alexander Acosta ya ƙulla yarjejeniya da lauyoyin Epstein cewa ba za a gurfanar da shi a kotun tarayya ba. Yarjejeniyar har ta ba da kariya ga waɗanda ake zargin sun taimaka masa. Ba a faɗa wa yaran ba. A watan Yunin 2008 ya amsa laifi biyu a kotun jiha, aka yanke masa wata 18, ya yi wajen wata 13, a ciki ma an ba shi damar fita ofishinsa har awa 12 a rana, kwana shida a mako. Kuma laifin da aka rubuta masa da sunan karuwanci aka rubuta shi. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba aka liƙa wa wannan suna a takardar hukuma.

Da ya fito, manya da dama suka ci gaba da cin abinci a gidansa, bankuna suka ci gaba da riƙe masa kuɗi. Sai da wata 'yar jarida, Julie K. Brown ta jaridar Miami Herald, ta bi sawun matan nan ɗaya bayan ɗaya ta wallafa labarinsu a Nuwamban 2018, sannan maganar ta sake tashi. A Fabrairun 2019 wani alƙalin tarayya ya yanke hukuncin cewa ɓoye wa yaran yarjejeniyar ya saɓa wa doka. Ranar 6 ga Yulin 2019 aka kama Epstein a wani filin jirgi a New Jersey bisa tuhumar safarar yara domin lalata. Acosta, wanda a lokacin yake sakataren ƙwadago, ya ajiye aiki. Ranar 10 ga Agusta aka tarar da gawar Epstein a ɗakin da ake tsare da shi a New York, likitan binciken gawa ya ce kashe kansa ya yi. Matan da suka jira shekara da shekaru ba su samu sun ga ya tsaya gaban alƙali ya amsa tuhumarsu ba. A 2023 bankin JPMorgan ya amince ya biya su dala miliyan 290, Deutsche Bank kuma dala miliyan 75.

Takardun da ake magana a kansu yanzu sun fito ne bayan matsin lamba mai tsanani. A Yulin 2025 ma'aikatar shari'a da FBI suka ce ba su ga wani jerin sunayen "abokan ciniki" ba, amma sun tabbatar da cewa waɗanda ya cutar sun haura dubu. Jama'a ba su gamsu ba. A Nuwamban 2025 majalisar wakilai ta amince da dokar tilasta sakin takardun da ƙuri'a 427, mutum ɗaya ne kawai ya ƙi, Shugaba Trump ya sa hannu. Aka fara saki a Disamba, a ƙarshen Janairun 2026 aka ƙara sakin shafuka sama da miliyan uku. Wasu manya sun riga sun ji a jikinsu: an sauke Peter Mandelson daga jakadan Birtaniya a Amurka a Satumban 2025, Sarki Charles kuma ya tuɓe wa ƙanensa Andrew sarautar yarima a Oktoba.

A nan dole in ja kunne kan abu biyu. Fitowar suna a cikin takarda ba ita ce shaidar laifi ba. A ciki akwai littafin lambobin waya, da rajistar fasinjojin jirgi, da wasiƙu, da ƙorafe-ƙorafen da mutane suka aika ba a tantance ba. Akwai kuma jerin sunaye da hotuna na bogi da ake haɗawa da kwamfuta ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba ya ɗauki alhakin ƙazafi. Na biyun ya fi damuna: a cikin abin da aka saki an bar sunayen wasu daga cikin matan a fili, ba a goge ba, har lauyoyinsu suka kai kuka. Idan irin wannan ya faɗo wayarka, don Allah kada ka tura wa kowa. Mace ce mai rai, wataƙila da miji da 'ya'ya, wadda ta ɓoye wannan ciwo shekara ashirin.

Ciwon kuwa ba ya ƙarewa ranar da aka daina taɓa yarinya. Virginia Giuffre tana da shekara 16 tana aiki a Mar-a-Lago, wurin shaƙatawar Trump da ke Palm Beach, a 2000 lokacin da Maxwell ta tare ta da tayin aikin tausa. Giuffre ce daga baya ta kai Andrew ƙara bisa zargin lalata da ita, ya sasanta da ita a 2022 ba tare da amsa laifi ba. Ta yi shekaru tana tsaya wa 'yan'uwanta mata. A Afrilun 2025 ta kashe kanta a Ostireliya, tana da shekara 41. A aikinmu mun san wannan hanya: rashin barci, firgita, tsanar kai, shan ƙwaya don a manta, ciwon kai da ciwon mara da ba a ga dalilinsu a gwaji. Yakan biyo mutum har girma.

Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa a Najeriya yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wurinmu ba dala 300 ba ce. Sayen tallan gaba ɗaya ne kullum, a ce ta shigo da farantin ciki. Sabuwar waya ce, kuɗin jarrabawa ne, aikatau ne a birni da wata hajiya ta yi alkawarin nema mata. Na sha ganin an kawo yarinya bayan wata uku ko huɗu, ciki ya riga ya fito, uwa tana kuka tana cewa mutumin nan shi ke biya mana kuɗin haya. Sai kuma dangi su taru su ce a bar kaza cikin gashinta, a rufa asiri, a karɓi ɗan abin da ya bayar. Yarjejeniyar 2007 ke nan, an yi ta a zaure.

Kuma ku daina cewa kwaɗayinta ne ya ja mata. Babban mutum ne ya zauna ya auna buƙatarta ya ɗana tarko da ita. Duk lokacin da muka ce kwaɗayi, mun yi abin da aka yi wa yaran Florida da aka kira su karuwai.

Ku lura da kuɗi ko kaya da ba ku san mafarinsu ba. Ku lura da babban da ke ware yaro ɗaya da kyauta yana neman keɓewa da shi, ko yana cewa kada a faɗa a gida. Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya tsani zuwa wani gida da a da yake ɗoki, ko ya yi sanyi, ko karatunsa ya faɗi haka kawai, ko yana ƙorafin zafi wajen fitsari da tafiya, ko yana furta maganar manya da ta fi shekarunsa, ku zauna da shi. Waɗannan ba hujja ba ce, dalili ne na tambaya cikin lumana. Yara maza ma suna ciki, su ne ma suka fi ɓoyewa.

Idan yaro ya buɗe baki, fuskarka a wannan minti ita ce za ta sa ya ci gaba ko ya haɗiye. Kada ka daka tsawa, kada ka kai hannu, kada ka ce me ya kai ki. Ka ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa mini." Kada a tara mutane a sa ta maimaita sau goma.

Daga nan sai asibiti, ba sai gobe ba. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar HIV bayan fyaɗe, amma dole a fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, a sha shi kwana 28 ba tsallake. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana biyar, amma da wuri ya fi ƙarfi. Za a ba da maganin cututtukan sanyi da ake ɗauka ta saduwa, da allurar ciwon hanta nau'in B, a duba rauni, a rubuta rahoton likita wanda kotu za ta nema. In zai yiwu kada ta yi wanka kafin a duba ta, kayan da ke jikinta kuma kada a wanke, a naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Kada a yi mata matsi ko sit-bath da ruwan zafi da sunan gyara. Idan an riga an yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, duk da haka a zo, akwai sauran abin da za mu yi mata.

Akwai cibiyoyi da aka ware domin wannan aiki, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, inda likita da mai ba da shawara suke wuri ɗaya. Inda babu irinsu, babban asibitin da ya fi kusa ya isa a fara da shi. Idan maganar ta haɗa da ɗaukar yarinya daga gari zuwa gari da sunan aiki, ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ne wurin kai ƙara. Ku nemi a ba ku kwafin rahoton likita ku adana, ku kuma dawo da ita ranar da aka rubuta mata domin maimaita gwaji.