Waiwaye: Yadda Amurka ta daɗe tana kokawa da kiran na'ura

A Amurka mutane da yawa sun daina ɗaga waya idan ba su san lambar ba, saboda kiran na'ura ya ishe su. Waya za ta yi ƙara, ka ɗauka, sai ka ji muryar da aka naɗa tana cewa garantin motarka ya kusa ƙarewa, ko hukumar haraji na nemanka ruwa a jallo. Kwamfuta ce ke buga lambobin, dubbai a lokaci guda, kuma biliyoyin irin wannan kira ake yi a ƙasar kowane wata.

Koke ya fara yawa ne a shekarun 1980, lokacin da kamfanonin talla suka samu na'urorin da ke buga lamba da kansu. Na'urar kan bi lambobi a jere ba ta tsallake kowa, har layukan asibiti da na agajin gaggawa, wani lokaci ma ta riƙe layin bayan mutum ya ajiye waya. Sanata Fritz Hollings na jihar South Carolina ya jagoranci ƙudurin da ya zama dokar kare masu amfani da tarho, wadda ake kira TCPA, Shugaba George H. W. Bush kuma ya sa mata hannu a Disamban 1991. Dokar ta hana kiran wayar salula da na'ura ko da naɗaɗɗiyar murya ba tare da yardar mai ita ba, ta kuma ba wanda aka dama ikon kai ƙara ya karɓi dala 500 a kan kowane kira, ko 1,500 idan da gangan aka yi.

A 2003 hukumar kasuwanci ta FTC ta buɗe rajistar "kada a kira ni". Miliyoyin mutane suka yi rububin sa lambobinsu, yau kuma lambobin da ke ciki sun haura miliyan 200. Na ɗan lokaci an samu sauƙi, domin kamfanonin da ke da ofis da suna sun bi umarni. ('Yan siyasa dai sun tsame kansu daga cikin waɗanda rajistar ta ɗaure, su da ƙungiyoyin agaji da masu jin ra'ayin jama'a.)

Abin da ya karya lagon wannan tsari shi ne kira ta intanet. Kuɗin kira ya faɗi warwas, mutum yana zaune a wata nahiya zai iya aika miliyoyin kira, ya kuma sa wayarka ta nuna lambar da ya ga dama, sau da yawa mai kama da ta unguwarku don ka ɗauka. Majalisa ta haramta irin wannan ɓad-da-kama da nufin zamba a dokar da aka sa wa hannu a 2010, amma ɗan damfara da ke ƙetare bai damu da rajista ba, balle doka. A nan, a ganina, raunin dukkan tsarin yake: an gina shi a kan zaton cewa ana iya gano mai kiran a gurfanar da shi.

Tara kuwa an yi ta yankawa. Hukumar sadarwa ta FCC ta ci wani mutumin Florida tarar dala miliyan 120 a 2018, a 2023 kuma ta ɗora wa gungun masu kiran garantin mota kusan dala miliyan 300. Sai dai yanke tara daban, karɓarta daban. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta gano cewa daga cikin tarar fiye da dala miliyan 208 da hukumar ta yanke tun 2015, dala 6,790 kacal suka shiga hannu.

Ganin haka ya sa aka juya kan kamfanonin waya. Dokar TRACED ta ƙarshen 2019 ta tilasta musu amfani da tsarin STIR/SHAKEN, wanda ke liƙa wa kowane kira wata shaida da ke tabbatar da cewa lambar ta mai kiran ce, aka ba manyan kamfanoni wa'adin ƙarshen Yunin 2021. Tsarin na aiki ne a layukan intanet kawai. Da zarar kira ya ratsa tsofaffin layuka, shaidar ta zube. A watan Afrilun 2021 ne kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Facebook da wani mutum mai suna Duguid, ta taƙaita ma'anar na'urar buga lamba ga wadda ke ƙirƙiro lambobi a jere ko barkatai, abin da ya buɗe ƙofa ga masu kira daga jerin lambobin da suka tara.

A Janairun 2024, gab da zaɓen fidda gwani a jihar New Hampshire, dubban masu zaɓe suka ji muryar Shugaba Joe Biden a waya tana ce musu su zauna a gida. Ƙirƙirarriyar basira ce ta kwaikwayi muryar. Cikin 'yan makonni FCC ta yanke cewa irin wannan murya ma tana ƙarƙashin dokar 1991, daga baya ta ci wanda ya shirya kiran tarar dala miliyan 6, kamfanin wayar da ya bari kiran ya ratsa layinsa kuma ya amince zai biya miliyan 1.