Martanin 'Yan Kallo ga Finafinan Faɗa na Ramuwar Gayya a Sakkwato

Finafinan faɗa na ramuwar gayya, waɗanda Sakkwatawa da sauran Hausawa suka fi sani da fim ɗin Chanis, rukuni ne na finafinan kumfu da kareti da labarinsu ya ginu a kan ɗaukar fansa. An kashe wa jarumi malami, ko uba, ko ɗan'uwa, shi kuma ya sha alwashin ba zai huta ba sai ya rama. Yawancinsu daga Hong Kong suka fito, amma a hankali sunan ya game duk wani fim da ake faɗa da hannu da ƙafa a cikinsa, ko daga Tailan ya zo ko daga Amurka. A Sakkwato ba a kallonsu da baki a rufe. 'Yan kallo kan zuga jarumi, su tsine wa bos, su yi gardama da juna, su yanke wa fim hukunci tun bai ƙare ba. Hayaniyar tana da ƙa'ida: wanda ya saba da gidan kallo ya san inda za a yi tsit da inda za a miƙe tsaye.

Asali da isowa

Kamfanoni biyu na Hong Kong ne suka cika kasuwa da irin waɗannan finafinai, wato Shaw Brothers da kuma Golden Harvest, wanda Raymond Chow ya kafa a 1970. Na biyun ne ya fito da Bruce Lee, wanda 'yan kallo ke kira Burusli, a The Big Boss a 1971 da Fist of Fury a 1972. Enter the Dragon ya biyo baya a 1973, shekarar da jarumin ya mutu yana da shekara 32. A 1978 aka sami The 36th Chamber of Shaolin da Drunken Master na Jackie Chan. Daga baya Jet Li ya zo, da Van Damme, wanda Kickboxer ɗinsa na 1989 labarin ƙane ne da ya tashi rama wa yayansa da aka naƙasa a fagen dambe a Tailan.

Ta gidajen silima suka shigo Arewa. Yawancin gidajen marasa rufi ne, don haka sai duhu ya yi ake haska fim. Finafinan Indiya ne ke riƙe da mafi yawan darare, na Chanis kuwa ana ware musu nasu. A lokacin Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, daga 1967 zuwa 1976, gari na ta cika da ƙananan ma'aikata da ɗalibai da direbobi da leburori, kuma daga cikinsu aka sami 'yan kallon farko. Zuwa silima ba abin da ɗan gidan mutunci zai yi shelarsa ba ne a birnin Shehu, kuma wuri ne na maza. Sai da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje a shekarun 1980 da 1990 sannan matan aure da ƙananan yara suka samu gani. Bayansa faifai ya zo, gidajen kallo na unguwa suka yawaita: rumfar kwano ko ta zana, bencina a jere, talabijin a kan dogon tebur, janareto na ruri a baya, da baƙin allo a bakin ƙofa an rubuta fim ɗin dare da alli. Yaran da ba su da kuɗin shiga kan nemi hudar zana su leƙa.

Haƙuri kafin faɗa

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, rabin farko na fim ne ke sa a yarda da rabin ƙarshe. 'Yan kallo ba sa goyon bayan jarumin da ya fara tsokana. Suna so su ga an zalunce shi, ya haɗiye, an ƙara, ya sake haɗiyewa. The Big Boss ya yi fice a nan. Jarumin ya je aiki wata masana'antar ƙanƙara a Tailan, bayan ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai ƙara faɗa ba, kuma yana rataye da wani abin wuya da ke tuna masa da alkawarin. Ana dukan 'yan'uwansa a gabansa, ya dunƙule hannu, ya dubi abin wuyan, ya sassauta. A wannan gaɓar gidan kallo kan kasu biyu. Samari na ihu, "Mi kaka jira?" Manya kuwa na cewa a bar shi, ai maganar uwa ba abin wasa ba ce. Ran da aka tsinke abin wuyan a cikin rikici, ba sauran gardama. Shewar da ke tashi a nan takan fi ta faɗan ƙarshe ƙarfi, don an daɗe ana danne ta.

Haka sashen koyo yake. Bahaushen ɗan kallo ba ya gajiya da ganin jarumi na shan wahala a hannun tsohon malami. A The 36th Chamber of Shaolin ana sa ɗalibi ya ɗauki bokitin ruwa biyu, hannuwa a miƙe, an ɗaure masa wuƙaƙe a damatsa, da ya sauke hannu sai tsinin ya soke shi a haƙarƙari. A garin da makarantun allo suka yi yawa, ɗebo wa malam ruwa da yin itace kafin a ba ka karatu ba baƙon abu ba ne, shi ya sa kisan malami ke yi wa 'yan kallo ciwo fiye da yadda mai shirya fim zai zata. Fist of Fury a kan wannan ya tsaya. Ɗalibi ne ya dawo Shanghai ya tarar malaminsa ya rasu, ya gano guba aka ba shi, kuma da hannun wata makarantar faɗa ta Japanawa a ciki. Malamin, Huo Yuanjia, mutum ne da ya rayu da gaske, ya rasu a 1910. Tarihin gabar Sin da Japan bai dami yawancin 'yan kallo ba. An ci mutuncin makaranta, an kashe malam, wannan ya wadatar.

Idon 'yan dambe

Ƙasar Sakkwato, har da Zamfara da Kabi da aka cire daga cikinta, gidan dambe ce da kokawa. Daga nan makaɗin 'yan dambe Ɗan Anace ya fito, wanda waƙarsa ta Shago ta zaga ƙasar Hausa. Mutanen da suka saba tsayawa a fage bayan kaka suna sauraron kalangu, da wannan idon suke kallon fim. Suna duban tsayuwa, da kare fuska, da yadda mutum ke karanta abokin karawarsa kafin ya kai hannu. Faɗuwar bos kuwa kisa ce, kamar yadda ake cewa a dambe in an kai mutum ƙasa. Yaran bos da ake zubarwa goma-goma ba sa cikin lissafi, dariya ake yi musu. Wanda ake jira shi ne na hannun daman bos, sannan shi kansa uban tafiyar, kuma in aka gama da shi cikin sauri sai a ce fim bai biya kuɗinsa ba.

Daga nan ne tsohuwar gardama ta samo asali: in aka haɗa Burusli da gwarzon ɗan dambe, wa zai kashe wani? Masu goyon bayan dambe na cewa hannu ɗaya da aka naɗe ya isa, muddin ya sauka. Ɗaya ɓangaren na cewa kafin ya ɗaga hannun an ba shi ƙafa uku. Ba a taɓa raba wannan gardama ba, kuma ba don a raba ta ake yin ta ba.

Idon damben ne kuma ke sa a tsani ƙarya. In jarumi ya tashi sama ya haye rufin gida, ko ya yi ta shawagi a kan bishiyoyi, za a ji wani daga baya ya ce waya ce, kuma gaskiyarsa, da igiyoyin ƙarfe ake ɗaga 'yan wasa. Ƙarar naushin ma ba a wurin faɗan ake ɗaukarta ba, don a wancan zamani finafinan Hong Kong sai an gama ɗauka ake ɗora musu sauti. Wasu kan fassara abin da asiri, su kawo zancen 'yan tauri da layu. Darajar Burusli, da ta Tony Jaa ɗan Tailan bayan fitowar fim ɗinsa Ong-Bak a 2003, ta zo ne daga yardar da aka yi cewa abin da ido ya gani jiki ne ya yi shi.

Harshe bai taɓa zama shinge ba. Turancin da aka ɗora wa finafinan ba ya tafiya daidai da motsin baki, ba kuma mai kula. A kowane benci akwai wanda ya riga ya ga fim ɗin, yana ba na kusa da shi labari, wani lokaci har ya faɗi abin da zai faru, a yi masa caa. Sunayen finafinai ma ba a riƙe su, sai a ce na mashayin nan, ko na mai hannu ɗaya.

Inda ake ƙin yarda

Mutuwar jarumi ita ce babban laifin da fim zai yi. Fist of Fury ya ƙare da jarumin ya gama ramuwa, ya miƙa kansa, sannan ya daka tsalle ya tunkari bindigogi, hoto ya tsaya cak ana jin harbi. Akan fita ana musu, wasu na cewa ai ba a nuna gawarsa ba. Mutuwar Bruce Lee ta gaske ma haka aka yi da ita. Binciken hukuma a Hong Kong ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, aka danganta shi da wani maganin ciwon kai da ya sha, amma a majalisun hira labarin guba da hassadar abokan gaba ya fi karɓuwa, don shi ya yi kama da fim. Mutuwar ɗansa Brandon Lee a 1993, sanadin harbin kuskure a wurin ɗaukar fim, ta ƙara wa zancen gishiri. 'Yan wasan da suka riƙa kwaikwayonsa da sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le sun jawo wata rigimar a bakin ƙofa, tsakanin mai gidan kallo da waɗanda suka biya kuɗi don ganin na ainihi.

Akwai kuma abin da addini ke hana a tafa masa. In jarumi ya durƙusa gaban gunki a gidan ibadar Shaolin, akan ji ana a'uziyya ƙasa-ƙasa. Tsohon malamin Drunken Master da tulun giyarsa yana ba da dariya, amma ba a ɗauke shi abin koyi ba. Ita kanta ramuwar, malamai na tunatar da cewa ƙisasi a Musulunci hukuma ce ke zartar da shi, kuma ayar Suratul Baƙara da ta zo da shi ta buɗe ƙofar yafewa da karɓar diyya. 'Yan kallo sun san haka sarai. Sai dai a finafinan, hukuma ko dai ba ta nan ko tana aljihun bos, kuma wannan ne ke halatta musu shewa. Karin maganar da ke cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi takan fito a bakin wani kafin a watse.

Ƙorafin iyaye ya fi karkata ga abin da ke biyo bayan kallo. Washegari yara kan cika lungu da tsalle da ihun Burusli, a sari sandar tsintsiya gida biyu a haɗa da guntuwar sarƙa, mai wulwulawa ya fara fasa kansa kafin ya taɓa kowa. Wasu daga cikin masu wannan wasa sun zarce zuwa koyon kareti da takwando a hannun masu horarwa.

Zamanin waya

Ƙwallon ƙafa ta Turai ta ƙwace gidajen kallo tun da tauraron ɗan'adam ya yaɗu, fim ɗin Chanis ya koma cike gurbi a ranakun da babu wasa. Yanzu a shagon masu tura fim ake samunsa, a zuba a memori, a kalla a waya, mutum ɗaya ko uku a kan dakali. Fassarar Hausa da ɗakunan ɗaukar murya na Kano suka shahara da ita, wadda ta fara ƙarfi da finafinan Indiya, ta kai ga na faɗa. Masu fassarar kan cusa karin magana da kirari da baƙar magana a bakin jarumi da bos, har ya zama zugar da a da 'yan kallo ke yi yanzu tana cikin fim ɗin. Matasa sun karɓi wannan hannu biyu. Waɗanda suka yi zamanin silima kuwa na ganin surutun ya yi yawa, kuma sun fi jin haushin guntayen bidiyon da ke yawo a TikTok da WhatsApp, inda ake yanko faɗan ƙarshe kaɗai ba tare da an nuna abin da bos ya aikata ba.