Ifran: garin ɗalibai a kan duwatsun Maroko, kusa da Fas

Duk shekara mutanenmu daga Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram na zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Da yawa suna gamawa su juyo gida, ba su san cewa tafiyar awa guda da 'yan mintoci a mota akwai wani gari da ba ya kama da sauran garuruwan Maroko ba. Sunansa Ifran.

Wane irin gari ne?

Ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsun Atlas, tsayinsa daga teku ya haura mita 1,600. Turawan Faransa suka tsara shi a 1929 don su riƙa gudun zafin Fas da Meknes, shi ya sa gidajensa ke da jan rufi mai tsini kamar na Turai, saboda ƙanƙara ta riƙa zamewa ƙasa. Wasu na yi masa laƙabi da ƙaramar Suwizalan. Sunan kuwa daga harshen Amazig ne, 'yan asalin yankin, ma'anarsa koguna, wato ramukan duwatsu. Babu cunkoson tsohon gari irin na Fas, babu 'yan kasuwa masu jan hannun riga. Tituna a share, itatuwa ko'ina, mutane na tafiya a natse kamar ba wanda ke jiran su.

Me ya sa ake kiran sa garin ɗalibai?

Saboda Jami'ar Al-Akhawayn, wadda ta buɗe a 1995. Ma'anar sunan 'yan'uwa biyu, wato Sarki Hassan na biyu na Maroko da Sarki Fahad na Saudiyya, wanda kuɗinsa suka taimaka aka gina ta. Da Turanci ake koyarwa, bisa tsarin jami'o'in Amurka, a ƙasar da Larabci da Faransanci suka fi ƙarfi. Wannan ribar baƙo ce: ɗan Najeriya da ya sha wahalar bayani a kasuwar Fas, a nan zai samu matashin da zai fahimce shi. Ɗan Nijar dama Faransancinsa ya wadatar da shi. Da yamma ɗalibai ne ke cika shagunan shayi na tsakiyar gari, kowa da kwamfutarsa da kofin na'ana'a yana turiri.

Da gaske ne ana ƙanƙara?

Sosai ma. A nan aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, maki 23.9 ƙasa da sifiri, a watan Fabrairun 1935. Wanda ke ganin hunturun Jos ne ƙarshen sanyi, to bai taɓa yin alwala da ruwan famfon Ifran da asuba ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kada ka dogara da babbar riga da suwaita ɗaya. Nemi kwat mai kauri, safar hannu da takalmi rufaffe. Idan ƙanƙara ta sauka, iyalai daga Fas da Rabat kan kwararo zuwa Mishlifen, wurin wasan zamiya da ke wajen gari, har hanya ta cushe a ƙarshen mako. Sai dai ba kowace shekara take sauka da yawa ba.

To wanda ba ya son sanyi fa?

Ya zo tsakanin Mayu da Satumba. Lokacin Fas na tafasa, Ifran kuwa iska ce mai daɗi. Shi ya sa 'yan tseren dogon zango ke zuwa atisaye a nan, don huhu ya saba da ƙarancin iskar tudu.

Me mutum zai gani?

Kowa yana farawa da siffar zaki da aka sassaƙa da dutse a tsakiyar gari, a yi layi a ɗauki hoto. Minti biyar ya ishe shi. Ni a ganina dajin ne dalilin zuwa. A hanyar Azru, garin da bai kai kilomita 20 ba, akwai dajin itatuwan al'ul (cedar da Turanci), manya-manya, wasu sun shekara ɗaruruwa. A cikinsa birai marasa wutsiya ke zaune, irin da ake kira birin Barbari. Sun saba da mutane har sun yi ido: kana buɗe leda za ka ga uwa goye da ɗanta ta tsaya a gabanka tana kallon hannunka. Masu kula da daji na hana ba su abinci, domin biskit da gyaɗar baƙi na lalata musu lafiya, suna kuma jawo su bakin titi inda motoci ke bige su. Kusa da gari akwai maɓuɓɓugar Ain Bital, inda ake yawo a ƙafa ko a hau doki. Tafkin Dayat Awa kuwa ka tambaya kafin ka ɗauki mota, fari ya sha ƙafar da shi a 'yan shekarun nan.

Yaya ake zuwa, kuma kwana nawa ya isa?

Jirgin ƙasa bai kai can ba. Daga Fas ko Meknes ake shiga bas ko babbar tasi ta haɗaka, wadda ba ta tashi sai ta cika mutum shida. Yini guda ya isa a ga gari da daji a koma Fas kafin isha. Mai son kwana ya sani masauki a Ifran ya fi tsada, musamman lokacin ƙanƙara da hutun bazara. Masu lissafin dirhami sukan kwana a Azru, su wayi gari a kasuwarta ta ranar Talata, inda matan Amazig ke kawo dardumar da suka saƙa da hannu.