Tambayoyi da amsoshi kan kula da bakin mai cutar mantuwa a gadon asibiti

Waɗannan tambayoyin na sha amsa su ga masu jinya a Kaduna, daga masu kwana a asibitin Barau Dikko har masu kai iyayensu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Tunda ba ya cin abinci sosai, sai an wanke masa baki?

Ƙwarai, sau 2 a rana, da buroshi mai laushi da ɗan man goge baki. Ƙwayoyin cutar da suka taru a baki suna bin yawu su gangara huhu su haddasa namoniya, kuma tana halaka dattawa irin waɗannan.

Haƙoran roba fa?

A cire su da dare da kuma kafin tiyata, a wanke, a sa a mazubi mai murfi da sunansa. Ku daina naɗe su a takarda, domin shara suke bi.

Baba ya ƙi buɗe baki, har cizo yake yi. Yaya za mu yi?

Wannan ba ta da amsa guda, domin abin da ya yi aiki yau yana iya ƙi gobe. Da farko kada ku danne shi, kuma kada yatsa ya shiga tsakanin haƙoransa. Ku zaunar da shi, domin wanda ke kwance yana iya ƙwarewa, ku tsaya daga gefensa, ku damƙa masa buroshin, ku ɗora hannunku bisa nasa. Sau da yawa hannu yana tuna abin da ƙwaƙwalwa ta manta. Idan da asuwaki ya saba kafin salla, watakila ya fi karɓarsa, amma ku lura kada ya haɗiye zarensa. Idan ya ƙi, ku bar shi, ku dawo anjima. Sai dai idan ƙin ya zo kwatsam, tare da ƙin abinci ko yawan taɓa kumatu, ku yi zargin ciwon haƙori, gyambo, ko farin-farin nan da ke fitowa a harshe, ku nemi likita ya duba. Mutumin da kalmomi suka ƙwace masa ba zai ce muku yana jin zafi ba. Ku kwantar da hankalinku, ba raina ku ya yi ba.

A ba shi ruwan kurkure baki?

A'a, muddin ba ya iya tofarwa.

Ai wannan aikin ma'aikatan jinya ne?

Aikinsu ne, amma ku ne kuka san yaren da Baba yake amsawa da lokacin da yake da natsuwa. Ku faɗa musu tun ranar da aka ba shi gado, ba sai baki ya fara wari ba.